Yadda Ake Tsara Zanen Gidan Iyali Kafin a Haƙa Harsashi

Zanen da ake nufi a nan shi ne wanda yake nuna gida kamar an yanka shi a kwance, sama da mita ɗaya kaɗan daga daɓe, an ɗauke rufin, sannan aka leƙo shi daga sama, ta yadda bango da ƙofofi da tagogi da matakala da girman kowane ɗaki za su fito fili a kan takarda guda. Wannan takarda ce birkila zai riƙe ranar da zai ja igiya, kuma duk kuskuren da aka bari a cikinta zai koma bulo da siminti, iyali su yi ta zama da shi shekara da shekaru. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane, amma a sha'anin gida zane yakan riga gini da watanni, kuma a cikin waɗannan watannin ne kawai ake iya matsar da bango da fensir. Da zarar an zuba harsashi, matsar da bangon nan sai da guduma.

Aikin yana farawa ne daga fili. Mutane da yawa sukan ga zanen wani gida a intanet ko a hannun aboki, ya burge su, sai su nemi a dasa musu shi a filinsu yadda yake, alhali an zana shi ne domin wani filin da ke da nasa faɗin, nasa gangaren, kuma yake kallon wata fuska daban. Da farko a sami takardar safiyo mai nuna iyakoki da tsawon kowane gefe, a tabbatar turakun da ke ƙasa sun yi daidai da abin da ke rubuce. Daga nan a je hukumar da ke ba da izinin gini a tambayi tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da iyakar maƙwabta, da kason filin da aka yarda gini ya rufe, da yawan hawan da aka amince a ɗora. Waɗannan ƙa'idoji sun bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci ma daga unguwa zuwa unguwa, don haka ba a karɓar su daga bakin maƙwabci. Idan aka cire tazarar daga kowane gefe, abin da ya rage a tsakiya shi ne ainihin wurin da za a yi zane a cikinsa, kuma yakan fito ƙarami fiye da yadda mai fili ya zata. Filin da ke da faɗin mita 15, idan aka bar mita 1.5 ta dama da ta hagu, ya koma mita 12.

Bayan takardu sai a taka filin da ƙafa, kuma zuwa ɗaya ba ya wadatarwa. A je da safe, a koma da yamma, a sake komawa bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi domin a ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. A lura da inda iska ta fi busowa, inda hayaniyar titi take, inda tagogin maƙwabta suke kallo, ta inda wayar lantarki da bututun ruwa za su shigo, da itatuwan da ya kamata a bari. A sa alamar arewa a kusurwar takarda tun kafin a ja layi ko ɗaya.

Batun rana ya fi sauran nauyi a ganina, domin wanda ya kuskure shi zai yi ta biyan kuɗin sanyaya ɗaki ko ɗumama shi muddin gidan yana tsaye. A ƙasashe masu zafi, ranar tsakar yini ba ta da wahalar tarewa saboda tana can sama, kuma baranda ko rufin da ya zarce bango da santimita 60 zuwa mita ɗaya zai yi wa bango da taga inuwa. Mai wahalar ita ce ranar yamma, wadda ke saukowa ƙasa-ƙasa ta doki bango kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi, bulo ya sha zafin ya riƙe, ya yi ta sakinsa cikin ɗaki har dare ya raba. Shi ya sa a irin wannan yanayi ake miƙar da tsawon gida daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a rage tagogi a yamma, a kuma jera sito, banɗaki, matakala ko gareji a wannan ɓangaren su zame wa ɗakunan kwana garkuwa. A ƙasashe masu sanyi kuwa neman ranar ake yi: a arewacin duniya, kamar Turai da Kanada, falo da manyan tagogi kudu suke kallo, a kudancin duniya kuma, kamar Ajantina da kudancin Ostareliya, arewa suke kallo.

Sai mutanen da za su zauna a gidan. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce iyali su zauna tare su bi yini guda tun daga wayewar gari har zuwa kwanciya, ana tambaya ana rubutawa. Wa ke fara tashi, kuma ta gaban ɗakin wa zai wuce? Mutum nawa ne ke buƙatar banɗaki a lokaci guda da safe? Ta wace ƙofa ake shigo da kayan cefane, kuma taku nawa ne daga nan zuwa kicin? Ina ake wanki, ina ake shanya? Mai girki zai iya hango yara suna wasa? Idan baƙo ya zo, ina zai zauna, ina zai kewaya? Wanda ya fi yin aikin cikin gida shi ya fi sanin amsoshin nan, kuma abin takaici ne yadda akan kammala zane ba a tambaye shi komai ba. A kuma hango shekara goma ko ashirin masu zuwa, lokacin da yaran da ke kwana ɗaki ɗaya za su buƙaci a raba su, ko wani dattijo ya dawo gidan da zama.

Abin da aka rubuta sai a auna shi da aljihu, daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin gini yana bin girman daɓe da tsawon bango, kuma siffar gida tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi shi mita 10 ta kowane gefe, kewayen bangonsa na waje mita 40 ne. Idan aka yi shi mita 5 faɗi da mita 20 tsawo, girman cikinsa bai canza ba, amma bangon ya zama mita 50, wato ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu na harsashi da bulo da filasta da fenti. Haka nan kowace kwana da aka ƙara wa gini tana haifar da mahaɗa a rufi, kuma daga mahaɗa yoyo ya fi farawa. Wannan lissafi yana ɗan cin karo da shawarar miƙar da gida saboda rana da iska, kuma ni na fi karkata ga matsakaicin tsawo mai kusurwa huɗu, wanda ƙarin bulonsa kaɗan ne a kan sanyin da zai bayar.

Kafin a ɗauki rula, a fara da da'irori. A zana kowane ɗaki a matsayin da'ira a kan takardar filin, babba ga babban ɗaki, ƙarama ga ƙarami, a haɗa waɗanda dole su kusanci juna da layi. Da kansu za su rabu gida uku: ɓangaren zama da karɓar baƙi, ɓangaren kwana, da ɓangaren aiki, wato kicin da sito da wurin wanki. Ma'aunin da za a riƙe shi ne mutum ya iya isa kowane ɓangare ba tare da ya ratsa tsakiyar wani ba. Falon da sai an keta shi kafin a je banɗaki ko kicin ya zama hanya, kuma kujeru ba za su taɓa samun wurin zama mai kyau a cikinsa ba. A yi irin wannan zane guda biyar ko shida, tunda kowanne minti goma ne, kuma na farko ba kasafai yake zama mafi kyau ba.

Idan tsari ɗaya ya kwanta a rai, sai a koma awo. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:100, wato kowace santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita ɗaya a ƙasa, sannan a faɗaɗa kicin da banɗaki zuwa 1:50 domin ƙananan abubuwa su fito. Takarda mai ƙananan gidaje da fensir sun isa. Wanda ya fi son kwamfuta yana iya amfani da manhaja irin Sweet Home 3D, wadda kyauta ce, ko SketchUp, sai dai kyan hoton da suke fitarwa yakan ɗauke hankali daga awon, don haka a yi hattara. Babban kuskuren masu koyo a nan shi ne zana bango da layi ɗaya kamar ba shi da kauri. A ce faɗin mita 12 ɗin nan ake son a raba ɗakuna uku, kowanne mita 4. Bangon waje biyu masu kaurin santimita 23 da na ciki biyu masu santimita 15 sun cinye santimita 76, filasta ta ƙara cin nata, kowane ɗaki ya koma kimanin mita 3.7. Dole a zana kaurin tun farko, a kuma rubuta a fili cewa awon da ke kan takarda na cikin ɗaki ne daga bango zuwa bango, domin wani magini daga tsakiyar bulo yake aunawa.

Girman ɗaki kuwa kayan da za a sa a ciki ne ke yanke shi. A yanka ƙananan takardu daidai da awon gado, kujeru, tebur da kabad a ma'aunin zanen, a yi ta jujjuya su a cikin ɗakunan. Gadon mutum biyu yana kai mita 1.5 faɗi da mita 2 tsawo. Idan aka bar santimita 75 ta kowane gefe domin wucewa da gyaran shimfiɗa, faɗin ɗaki ya zama mita 3, kuma idan aka ƙara kabad ɗin tufafi mai zurfin santimita 60 da wurin tsayawa a buɗe shi na santimita 90, tsawon ya zama mita 3.5. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a iya zama a ciki ba tare da takura ba. Ma'aunin girman gidaje da aka fitar a Ingila a shekarar 2015 ya nemi ɗakin kwanan mutum biyu ya kai murabba'in mita 11.5, na mutum ɗaya kuma 7.5 da faɗin da bai gaza mita 2.15 ba. Teburin cin abinci na mutum shida, mai santimita 90 faɗi da 180 tsawo, yana buƙatar santimita 90 ta kowane gefe domin jan kujera, wato wuri mai mita 2.7 da mita 3.6.

Ƙofa tana cin wuri fiye da faɗinta, saboda haka a zana kowacce da bakan da take yi idan an buɗe ta, a duba ko za ta bugi gado, kabad ko wata ƙofar. Ta shiga gida ta kai santimita 90 ko fiye, ta ɗakin kwana 80 zuwa 90, kuma a kafa ta kusa da kusurwa ta buɗe ta jingina da bango, domin ƙofar da ke tsakiyar bango tana raba shi gida biyu marasa amfani. A tsaya a bakin ƙofar shiga a cikin tunani a duba abin da ido zai fara faɗawa a kai, kada ya zama ƙofar banɗaki ko gadon wani. Lungun da ke haɗa ɗakuna kada ya gaza santimita 90, mita 1.2 ta fi idan ana son mutum biyu su gifta juna ko a wuce da katifa, amma a gajarta shi iya iyawa, tunda kuɗin gina shi ɗaya ne da na ɗaki kuma babu mai zama a cikinsa.

Kicin yana cikin ɗakunan da aka fi yi wa nazari a tarihin zanen gidaje. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wani kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, bayan ta yi nazarin motsin mai girki da takun da yake yi, kuma an gina irinsa kimanin 10,000. A shekarun 1940 kuma masana a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suka daidaita ƙa'idar nan ta kusurwa uku, wadda ke haɗa murhu da wurin wanke-wanke da firji: tazarar kowane biyu ta kasance tsakanin mita 1.2 da 2.7, jimillar ukun kuma tsakanin mita 4 da kusan 8, kuma kada hanyar masu wucewa ta ratsa tsakiyarsu. Ba kowane gida ne zai bi wannan lissafi daidai wa daida ba, amma manufarsa tana nan, wato a rage wa mai aiki kai-komo. Kantar kicin, wato teburin aikin girki, tana da zurfin santimita 60 da tsayin kimanin 90, kuma idan kantoci biyu suna fuskantar juna a bar mita 1.2 a tsakaninsu. A bar filin ajiye tukunya mai zafi a gefen murhu, kada a manna shi a kusurwa ko bayan ƙofa ko ƙarƙashin tagar da za a rataya wa labule. A ba kicin ƙofarsa ta fita waje idan fili ya yarda, a sa sito a jikinsa, a kuma tanadi hanyar fitar hayaƙi.

Ɗakunan da ruwa ke shiga a tara su wuri ɗaya, banɗaki ya jingina da banɗaki ko da kicin, idan bene ne na sama ya hau kan na ƙasa. Dalilin shi ne bututun da ke fitar da ƙazanta da gangare yake aiki, kimanin santimita 2 a kowace mita, don haka duk nisan da aka ƙara yana ƙara zurfin haƙa da yiwuwar toshewa. Inda babu magudanar gari, a sa ramin sokawe a zanen tun yanzu, a ƙasan gangare, inda motar kwashewa za ta iya isa, kuma nesa da rijiya. Dokoki da yawa sun sa mita 15 a matsayin mafi ƙarancin tazara, wasu kuma sun kai ta 30.

Mai son bene ya fara da matakala, domin ita ce abin da ake yawan matsewa a ƙarshe. François Blondel, wani masanin gini na Faransa a ƙarni na 17, ya bar ƙa'idar da ake bi har yau: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya zo daidai da takun mutum, wato kimanin santimita 60 zuwa 65. Idan tsakanin daɓen ƙasa da na sama mita 3 ne, taki 17 masu tsayin santimita 17.6 da wurin sa ƙafa na santimita 28 sun ba da 63, kuma za su ci kusan mita 4.5 a miƙe, ban da wurin sauka a sama da ƙasa. Kowane taki ya yi daidai da ɗan'uwansa, domin ƙafa tana sabawa da na farko, kuma bambancin santimita ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da mutum. Bangon sama ya hau kan na ƙasa ko kan bim, wato kankaren da aka gitta domin ɗaukar nauyi, kuma falon da ya wuce mita 5 faɗi ba tare da ginshiƙi ba magana ce ta injiniya, ba a yanke ta da ido.

Game da tagogi, dokar gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi ta nemi gilashin taga ya kai kashi 8 cikin 100 na girman daɓen ɗaki, ɓangaren da ake iya buɗewa kuma kashi 4, sannan kowane ɗakin kwana ya sami mafitar gaggawa idan gobara ta tare ƙofa. Wannan mafi ƙaranci ne. A yanayi mai zafi abin nema shi ne taga a bango biyu daban-daban domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can, kuma wanda zai sa ƙarfen tsaro ya bar guda ɗaya a kowane ɗakin kwana da ake iya buɗewa daga ciki.

Akwai tanadi biyu da ba su da tsada a takarda. Na farko shi ne ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, ba tudu a bakin ƙofa, ƙofar ta bar sararin wucewa na aƙalla santimita 80, a kuma sami wuri mai faɗin mita 1.5 inda keken marasa lafiya zai iya juyawa. Na biyu shi ne wurin ajiya, na akwatuna da tsintsiya da kayan da ba a amfani da su kullum, wanda idan ba a zana shi ba ɗakin kwana ɗaya ne zai koma sito. Idan kuma ana sa ran ƙara ɗaki nan gaba, a nuna wurinsa da ɗigo-ɗigo, a tabbatar ba zai toshe tagar wani ɗakin ba, a gaya wa injiniya idan sama za a ƙara domin harsashin ya ɗauka.

Kafin a ce an gama, a kai zanen fili, domin gani ya kori ji. A kafa turaku, a ja igiya, a fitar da kowane ɗaki a ainihin girmansa. Ana daidaita kusurwa da awon 3, 4, 5: a auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5 to kusurwar ta tsaya daidai. Sai iyali su shiga ta ƙofar, su bi yinin nan da aka rubuta tun farko, daga gado zuwa banɗaki, daga mota zuwa kicin, daga wurin wanki zuwa igiyar shanya. A sani cewa ɗakin da aka shata a ƙasa ba bango yakan yi wa ido ƙanƙanta, don haka a kwatanta shi da awon ɗakin da ake zaune a ciki yanzu kafin a yi saurin ƙara masa girma.

Daga nan sai a miƙa shi ga mai zanen gine-gine da ke da rajista da injiniyan gini, waɗanda za su fitar da zanen harsashi da rodi da rufi da na lantarki da famfo, su kuma sa hannu a takardun neman izini. A zauna da su a nuna wurin kowane soket da makunnin fitila bisa inda aka riga aka ajiye gado da kujeru da firji. Duk gyaran da aka yi bayan haka a rubuta masa kwanan wata a kusurwar takarda, a karɓe tsofaffin kwafi daga hannun ma'aikata, a tabbatar wanda birkila da mai aikin famfo da mai jan waya suke dubawa guda ɗaya ne, kuma shi ne wanda hukuma ta buga wa hatimi.